mksquashfs yana maƙale min a tsakiyar aiki, kuma ba kullum ba, ina zan duba?

Mubarak_L ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman wanda ya taɓa cin karo da irin wannan matsalar, sati na uku kenan tana ci min tuwo a ƙwarya. Akwai wata saba da nake kula da ita, Debian 12 ce a kai, squashfs-tools 4.5.1, RAM 16GB, furosesa mai ƙwaya 8. Kullum ƙarfe 1 na dare cron, mai tayar da ayyuka kan lokaci, yana tayar da wani ɗan skirif da na rubuta, ya dunƙule duk abin da ke cikin /srv/data, wajen 200GB, ya zuba shi a faifan waje da ke jone ta USB. Da mksquashfs nake yi, manhajar da ke matse folda ta mayar da ita fayil guda na squashfs, layin da ke yin aikin shi ne wannan:

`mksquashfs /srv/data /mnt/ajiya/data-$(date +%F).sqfs -comp xz -b 1M`

Na zaɓi squashfs ne maimakon tar saboda idan wani ya zo min da kukan ya goge fayil ɗinsa na makon jiya, mount -o loop kawai nake yi in shiga in ɗauko masa, ba sai na kwance komai ba, kuma wallahi shekara guda cur ina haka lafiya lau.

To yanzu abin da ke faruwa, dare uku ko huɗu zai gama tsaf cikin awa uku da ɗan wani abu, sai a dare na biyar in zo da safe in tarar yana nan bai gama ba kuma bai mutu ba, ba wani saƙon kuskure, fayil ɗin da yake rubutawa ya daina ƙaruwa tun ƙarfe 2 da wani abu. Na koma gudanar da shi da hannu cikin tmux don in ga sandar nan mai nuna kashi nawa aka ci, sau ɗaya ya tsaya a 64%, wani karon a 71%, ba wuri ɗaya ba. A manhajar top mai nuna ayyukan da ke gudana kuwa CPU ya sauka kusan sifili amma lodin mashin ɗin bai sauka ƙasa da 1 ba. Sai da kill -9 nake iya raba shi da rai, kuma guntun fayil ɗin da ya bari ba ya buɗuwa, unsquashfs yana cewa bai ga superblock ba, wato kan fayil ɗin da ke bayyana tsarinsa. Idan na sake tayar da shi da rana sai ya wuce sumul kamar ba shi ba.

Shin kwaro ne a cikin mksquashfs ɗin, ko faifan ne ya fara mutuwa? Ajiyar mutane ce a hannuna, ina jin tsoron ranar da za a nemi abu a tarar daren nan ne bai yi ba.

Ɗanliti99 ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ni dai ina zargin salon matsewar xz ɗin nan ne da bulo 1M, yana cin memori sosai, ga zare 8 suna aiki lokaci guda. mksquashfs in ba ka faɗa masa ba kashi 25 cikin ɗari na RAM ɗin mashin yake yankar wa kansa, wato kai 4GB kenan, idan akwai wasu ayyuka da ke tashi da daddare sai a faɗa swap, wato a koma aron faifai a madadin RAM, komai ya yi nauyi. Gwada ƙara `-processors 4 -mem 1G`, ko ma ka koma `-comp zstd` tunda tun 4.4 aka sa shi, ya fi xz sauri nesa ba kusa ba duk da fayil ɗin zai ɗan fi girma. Sannan ka duba ko akwai FIFO ko soket a cikin foldar, fayilolin nan na musamman da manhajoji ke aika wa juna bayanai ta cikinsu, ni cat ya taɓa maƙale min a kan irinsu.

Malam_Habu ya rubuta:

Mubarak sannu da fama. Kafin ka canza komai a layin nan ina roƙonka abu ɗaya, daren da ya sake tsayawa kar ka kashe shi. Duk lokacin da ka buga kill -9 ka share shaidar da za ta gaya maka dalili, shi ya sa ka yi sati uku kana lalube. Mashin ɗin da ya maƙale yana nan da amsar a bakinsa, tambayarsa kawai za ka yi.

Ɗanliti, maganar FIFO ba ta shiga nan ba ɗan'uwa, mksquashfs ba ya buɗe FIFO ko soket ya karanta cikinsu, rubuta su kawai yake a matsayin irin abin da suke ya wuce. Ita ma swap ina ganin ba ita ba ce, domin mashin da ke fama da swap ba ya yin shiru haka, za ka ga `vmstat 1` yana ta zuba lambobi a si da so kuma aikin yana rarrafe ne, ba tsayawa cak na awa shida ba. Amma shawarar zstd mai kyau ce don wani dalilin daban.

Bari in ɗan bayyana yadda cikin kayan yake don ka gane abin da za ka gani. mksquashfs ba mutum ɗaya ba ne, ƙungiya ce ta zaren aiki. A sigar da kake da ita akwai zare guda da ke karanto fayiloli daga tushe yana yanka su bulo bulo, akwai masu matsewa gwargwadon ƙwayoyin furosesa, akwai masu kula da gutsattsarin ƙananan fayiloli, sai kuma zare guda da ke rubutawa a faifai, tsakaninsu kuma layuka ne na jira masu iyaka. To ka ga idan mai karantowa ya tsaya, masu matsewa za su cinye abin da ke gabansu su zauna hannu rabbana, CPU ya koma sifili. Idan kuma mai rubutawa ne ya tsaya, layuka za su cika maƙil har baya, nan ma kowa ya zauna, CPU ya koma sifili. Daga waje kamanninsu ɗaya, amma ciwo biyu ne daban, na ukunsu kuma shi ne zaren su riƙe wa juna makulli kowa yana jiran kowa, wanda shi ne kaɗai za a kira laifin manhajar.

Abu na farko, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba, tun 4.3 idan ka danna Ctrl da \ sau ɗaya a taminal ɗin da yake gudana zai buga maka sunan fayil ɗin da yake kai a lokacin, ba zai mutu ba. Idan ka danna sau biyu cikin daƙiƙa ɗaya zai zubo maka halin da layukan suke, wanne ya cika wanne ba komai. In cron ne ya tayar da shi sai ka aika `kill -QUIT` ga lambarsa ta pid, amma ka tabbata skirif ɗinka yana tura abin da yake bugawa zuwa wani log, in ba haka ba ba za ka ga komai ba.

Na biyu ka buga wannan:

`ps -eLo pid,tid,stat,wchan:32,comm | grep mksquashfs`

Ka kalli harafin da ke ƙarƙashin stat. Waɗanda ke S kuma wchan ɗinsu yana da futex a ciki jiran 'yan uwansu kawai suke, ba su da laifi. Wanda kake nema shi ne mai D, wato ya shiga kanel yana jiran faifai ko netwok kuma ba a amsa masa ba. Kuma ka riga ka ba mu alama da bakinka, ka ce CPU sifili amma lodi bai sauka ƙasa da 1 ba, a Linux ana ƙirga mai D cikin lodi ko da ba ya taɓa furosesa, don haka ni tun yanzu ina kyautata zaton akwai zare guda a D. Idan ka same shi (LAMBA ita ce pid, ZARE kuma tid da ps ya nuna maka) ka yi `cat /proc/LAMBA/task/ZARE/stack` da root, ka yi `ls -l /proc/LAMBA/fd` ka ga fayil ɗin da yake riƙe da shi a buɗe, sannan `dmesg -T | tail -50` don ka ga saƙonnin kanel. In kana so kanel ya lissafo duk wanda ya maƙale to `echo w > /proc/sysrq-trigger` sai ka koma dmesg ka karanta.

In kuma ka duba ba ko ɗaya a D, duka S ne kan futex, to a nan ne za a fara zancen kwaro. Sai ka sa `gdb -p LAMBA` ka buga `thread apply all bt` ka adana abin da ya fito, ka gwada sabuwar siga daga tushe, ka gwada `-processors 1` ka ga ko zai ɓace, in bai ɓace ba ka kai rahoto wurin Phillip Lougher a GitHub, shi ne ya ƙirƙiro squashfs tun 2002 kuma shi ke kula da kayan. Amma kar ka kai masa rahoto hannu sake, ba tare da waɗannan bayanan ba babu abin da zai iya yi maka.

Mubarak_L ya rubuta:

Malam Allah ya saka da alheri, wallahi ban taɓa sanin zancen Ctrl da \ ɗin nan ba, na gwada yanzu da rana a kan ƙaramar folda ya buga min sunan fayil kuwa. Na gyara skirif ɗin yana rubuta log, na kuma cire hannuna daga kill. Abu ɗaya da na lura yau ina zaune ina kallo, ko a gudun da yake gamawa lafiya sandar takan tsaya kamar minti ɗaya ko biyu sannan ta ci gaba, ban sani ba ko ƙanin wancan ne.

Sadiya_K ta rubuta:

Wannan ɗan tsayin na minti ɗaya zuwa biyu ni na san shi sosai, na yi fama da shi a wani mashin da nake haɗa hotunan ISO a kai, kuma ina ganin ba shi ne mai kwana ba, kar ka haɗa su wuri ɗaya ka rikita kanka.

Idan kana rubutu a faifan USB, Linux ba ya kai bayanan faifai nan take, tara su yake a RAM yana turawa a hankali. Idan abin da ya taru ya kai iyakar vm.dirty_ratio, wanda asalinsa kashi 20 cikin ɗari ne, sai kanel ya taka wa mai rubutun birki har faifan ya rage kayan da ke kansa. Buɗe wata taga ka sa `watch -n1 'grep -E "Dirty|Writeback:" /proc/meminfo'` ka zuba ido, lokacin da sandar ta tsaya za ka ga Dirty ya yi sama yana saukowa kaɗan kaɗan, yana sauka aikin zai motsa. Abin ya fi muni idan faifan irin SMR ne, waɗanda layukan rubutunsu ke hawa kan juna, suna da wani ɗan fili da suke karɓar rubutu da sauri, in ya cika sai gudun ya faɗi warwas har su gyara cikinsu, kuma da yawa cikin faifan waje na inci 2.5 masu girma irin su ne ba tare da an rubuta a kwali ba.

Akwai kuma binciken tagwaye. mksquashfs yana duba ko fayil ɗin da ya karanto kwafin wani ne da ya riga ya ajiye, kuma idan alamu suka yi daidai yakan koma cikin fayil ɗin da yake rubutawa ya karanto tsohon don ya gwada su, to ka ga faifan USB ɗaya ana rubutu ana karatu a kansa lokaci guda, dole ya yi tsaiko. `-no-duplicates` yana kashe wannan, amma in mutanenka masu kwafe folda ne su sa mata suna na biyu to za ka yi asarar fili mai yawa, ni ba na kashewa. Abin da na koma yi shi ne in haɗa fayil ɗin a faifan ciki, in ya gama in kwafe shi waje da rsync.

Duk da haka ka duba lafiyar faifan, duka biyun ba na waje kaɗai ba. `smartctl -a` ka kalli lamba 5 da lamba 197, wato Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector, in 197 ba sifili ba ce akwai wuraren da faifan ya kasa karantawa. A dmesg kuma ka nemi I/O error ko reset ko uas_eh_abort_handler, wannan na ƙarshen sau da yawa kebul ne ko akwatin faifan ko ƙarancin wuta a tashar USB. Ni nawa kebul ne, na canza shi layukan suka daina fitowa.

Mubarak_L ya rubuta:

Jama'a ya kama! Daren jiya ya sake tsayawa, na tashi da asuba na shiga ta ssh na tarar da shi a 68%, na bi abin da Malam Habu ya faɗa ɗaya bayan ɗaya hannuna har rawa yake. Zaren duka S ne kan futex sai guda ɗaya tak a D. Na aika QUIT sau ɗaya, log ya nuna min wani fayil ɗin bidiyo a ƙarƙashin /srv/data/zane/tsofaffi, na aika sau biyu a jere sai ga layukan duk babu komai a ciki, wato mai rubutu ba shi da abin rubutawa, mai karantowa ne ya tsaya. Na leƙa dmesg sai ga wannan tun ƙarfe 2:47 na dare:

`nfs: server 192.168.1.40 not responding, still trying`

Ashe wannan foldar ta tsofaffi ba a kan sabar take ba sam. Wata biyu da suka wuce faifan sabar ya kusa cika, abokin aikina ya kwashe tsofaffin ayyuka ya mayar kan kwamfutar tebur ɗinsa ya jona ta nan da NFS, tsarin nan na jona foldar wata kwamfuta ta netwok, don kar mutane su ga canji, ya faɗa min a lokacin amma ban kawo a raina cewa ajiyar dare za ta bi ta can ba. Ita kuma kwamfutar tasa tana yin barci da kanta bayan wasu awanni in ba a taɓa madanninta ba. Daren da ya tashi aiki a makare ko ya bar wani abu yana gudana sai ta kai har a gama, daren da ya tafi da wuri sai ta kwanta mksquashfs yana tsakiyar karatu a kanta. Shi ya sa da rana bai taɓa yi min ba, lokacin yana zaune a gabanta.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ban kashe shi ba, na jira ya iso ofis ya taɓa linzami kwamfutar ta farka, ko minti biyu ba a yi ba dmesg ya rubuta server OK, sandar ta tashi daga 68% ta ci gaba har ta gama, unsquashfs -s ya karanta fayil ɗin lafiya. Anti Sadiya naki ma gaskiya ne, na kalli Dirty lokacin ɗan tsayin nan yana hawa yana sauka kamar yadda kika ce, smartctl kuma 5 da 197 duka sifili ne a faifan biyu alhamdulillah.

Yanzu tambayata, na ga ana cewa a sa soft a wurin jona NFS ɗin don ya daina jira har abada, in yi hakan?

Malam_Habu ya rubuta:

Madalla, na ji daɗi ƙwarai da ka daure ba ka kashe shi ba. Abin da ka gani haka aka tsara NFS, asalinsa hard ne, ma'ana in saba ta ɓace zai yi ta jira yana sake gwadawa ba iyaka don kar a yi asarar bayanai, shi kuma mksquashfs ya kira read ne kawai ba a dawo masa da amsa ba.

Zancen soft kuwa ka yi hattara sosai, a wurinka zai iya zama mafi haɗari fiye da maƙalewar. Da soft, bayan ya gwada iya adadin timeo da retrans sai kanel ya dawo wa manhaja da kuskure, shi kuma mksquashfs idan ya kasa karanta fayil ba ya tsayawa, zai rubuta "Failed to read file" ya ce yana ƙirƙirar fanko a madadinsa, ya wuce na gaba. Da safe za ka ga ajiya ta kammala, sunayen fayiloli duk suna nan reras, sai ranar da aka zo nema a buɗe a tarar girmansu sifili. Maƙalewa aƙalla tana sa ka san akwai matsala. In dole sai ka yi soft to ka haɗa da `-exit-on-error` don ya faɗi gaba ɗaya ka sani, kuma kar ka sa soft a inda ake rubutu. Kar ka ɓata lokaci da intr, tun kanel 2.6.25 ba ya aiki.

Ni abin da zan yi a wurinka, in raba ajiyar biyu. Ta sabar kar ta tsallaka zuwa wani faifai ko wata kwamfuta ko kaɗan. Hanya mafi sauƙi `mount --bind /srv/data /mnt/tushe` sai ka dunƙule /mnt/tushe, domin bind zalla ba ya jawo abubuwan da aka jona a ƙarƙashi, foldar tsofaffi za ta fito ba komai ciki, kuma gobe in wani ya sake jona wani abu ba tare da ya faɗa maka ba ba zai shafe ka ba. Sababbin sigogi suna da `-one-file-system` mai yin wannan aikin. Ko ka cire ta da suna, `-wildcards -e 'zane/tsofaffi/*'`, ka tuna -e ita ce ƙarshe a layi domin duk abin da ya biyo bayanta ɗaukarsa yake a matsayin abin cirewa. Su kuma tsofaffin a yi musu tasu ajiyar daban da rana ko a can kan kwamfutar da suke, tunda ba canzawa suke kullum ba. Kafin komai buga `findmnt -R /srv/data` ka ga ko akwai wani abin da aka jona wanda ba ka sani ba, kar ka yi amfani da df don wannan, shi ma maƙalewa yake in NFS ta mutu.

Sai skirif ɗin kansa. Ka sa `-noappend`, domin in ya tarar da fayil mai sunan yana ƙoƙarin ƙarawa a kai ne, in guntu ne kuma ya ƙi aiki. Ka rubuta da sunan wucin gadi, sai ya fita lafiya kuma unsquashfs -s ya karanta sannan ka yi mv zuwa sunan gaskiya, superblock a ƙarshen aiki ake rubuta shi shi ya sa duk guntayen da ka kashe ba sa buɗuwa. Ka kewaye shi da `timeout -s KILL 6h` da kuma flock don na yau kar ya hau kan na jiya, kuma in ya faɗi ya turo maka saƙo.

Wani abu da zai iya cizonka nan gaba ko ba NFS, fayil ɗin da girmansa ke canzawa ana cikin karanta shi, kamar log ko rumbun bayanai da ke aiki, mksquashfs in ya lura girman ya canza yakan koma ya faro fayil ɗin daga farko. In /srv/data yana kan LVM ko btrfs ka ɗauki snapshot, wato daskararren kwafin faifan na wannan lokacin, ka dunƙule shi maimakon mai rai.

Mubarak_L ya rubuta:

Na gode Malam, na fasa soft ɗin. findmnt ya nuna min guda ɗaya ce kawai aka jona. Na yi bind, na sa -noappend da -exit-on-error da timeout, na koma haɗawa a faifan ciki sannan rsync ya kai waje kamar yadda Anti Sadiya ta ce, na kuma gwada zstd ɗin Ɗanliti aikin ya sauko ƙasa da awa ɗaya. Dare shida kenan a jere yana gamawa. Tsofaffin mun yi musu ajiya guda da rana ni da abokin aikin nawa, na buɗe ta na gwada bidiyo uku suna tashi. Sabar a kan ext4 take ba LVM, don haka zancen snapshot sai ranar da muka samu sabon faifai muka sake tsara ta, kafin nan na sa skirif ɗin yana yin pg_dump, wato ya fitar da kwafin rumbun bayananmu na PostgreSQL, ya ajiye sannan ya cire foldar rumbun bayanan daga abin da ake dunƙulewa.